Kula da Ɗan Uwa Mai Larurar Ƙwaƙwalwa da Hanyoyin Samun Taimakon Gaggawa

Larurar ƙwaƙwalwa, wadda jama'a suka fi sani da taɓin hankali, tana daga cikin cututtukan da iyalai suka fi ɓoyewa, kuma jinkirin da ɓoyewar ke haifarwa shi ne kan jawo mafi yawan asarar da ake tafkawa. An shirya wannan bayani ne domin magidanta da iyaye mata da matan aure da 'yan uwa da maƙwabta waɗanda Allah ya jarrabi wani nasu da wannan larura, don su san abin da za su iya yi a gida, da lokacin da al'amari ya fi ƙarfin gida, da kuma inda za su nufa idan hakan ta faru. Bayanin ba zai maye gurbin ganin likita ba.

Halin da ake ciki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2025 cewa fiye da mutum biliyan ɗaya ne ke fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa a faɗin duniya, kuma ciwon damuwa da na fargaba su ne suka fi yawa. A nan Nijeriya, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya gano cewa kimanin mutum ɗaya ne kawai cikin goma masu larurar ya samu wani magani a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa kuwa ta sha kokawa cewa ƙwararrun likitocin wannan fanni da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, alhali yawan al'umma ya haura miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane ne.

Abin da waɗannan alƙaluma ke nufi a aikace shi ne, mutanen gida su ne ke fara ganin ciwo, su ne ke yanke shawarar inda za a kai majinyaci, su ne ke biyan kuɗi, kuma hannunsu zai koma bayan an sallame shi. Likita yakan ga majinyaci na 'yan mintoci a wata. Sauran kwanakin duka na iyali ne.

Wannan ba sabon fahimta ba ne a ƙasar nan. A shekarar 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya ɓullo da wani tsari a Aro da ke Abeokuta. Maimakon a kulle majinyata a ɗakunan asibiti, sai aka riƙa sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowane majinyaci tare da wani ɗan uwansa, galibi uwa ko 'yar uwa, wanda zai riƙa yi masa girki da wanki yana raka shi asibiti da rana. Tsarin ya yi suna a duniya, domin ya nuna cewa zama cikin jama'a tare da dangi wani ɓangare ne na maganin kansa.

Alamomin da ya kamata a lura da su

A tunanin mutane da dama, mai taɓin hankali shi ne wanda ke yawo a bola cikin tsumma. Wannan shi ne ƙarshen ciwon da aka yi sakaci da shi shekara da shekaru. Farkonsa a cikin gida yake, kuma sau da yawa shiru ne ba hayaniya ba. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne canji: mutum ya sauya daga yadda aka san shi, canjin ya ɗore, har ya taɓa barcinsa da cin abincinsa da sana'arsa da mu'amalarsa da mutane.

Ciwon damuwa yakan bayyana da baƙin ciki ko mutuwar zuciya kusan kullum har tsawon mako biyu ko fiye, da daina jin daɗin abin da aka saba jin daɗinsa, da kasala, da farkawa cikin dare barci ya ƙi dawowa, da rama, da yawan ɗora wa kai laifi. A ƙasar Hausa mai wannan ciwo ba kasafai yake cewa yana cikin damuwa ba. Abin da za a ji daga bakinsa shi ne ciwon kai, ko zafi a tsakar ka, ko faɗuwar gaba, ko wani abu na yawo a jiki. Ta haka ake shafe watanni ana shan maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot daga kemis zuwa kemis ba tare da sauƙi ba.

Akwai kuma nau'in da ke raba mutum da gaskiyar abin da ke kewaye da shi, wanda mafi shahara a cikinsa likitoci ke kira sikizofireniya. Yana kama kimanin mutum ɗaya cikin 300, kuma ya fi farawa daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru talatin. Majinyaci yakan ji muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya haƙiƙance cewa ana bibiyarsa ko an zuba masa guba a abinci, ko ya ƙaurace wa mutane ya daina wanka. Wani nau'in kuma hawa da sauka yake yi: a wani lokaci mutum ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba kuma bai gaji ba, ga surutu ba ƙaƙƙautawa, ga rabon dukiya ba lissafi da manyan buri marasa kan gado, bayan wani lokaci kuma ya faɗa cikin matsananciyar damuwa.

Mai jego tana buƙatar kulawa ta musamman. Yawan kuka da sauyin zuciya a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba gani, kuma yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Idan ya zarce haka, ko uwa ta daina sha'awar jaririnta, to ana zargin damuwar bayan haihuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana samun kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa. Mafi haɗari shi ne rikicewar hankali bayan haihuwa, wadda ke samun mace ɗaya zuwa biyu cikin dubu, galibi a makonni biyun farko: rashin barci, sambatu, ruɗewa, ko ta ce jaririn ba nata ba ne. Wannan gaggawa ce ta ranar, kuma ba a barin ta ita kaɗai da jariri. Al'adarmu ta wankan jego ta tanadi dattijuwar da ke zaune da mai haihuwa har arba'in. Ita ce ta fi kowa damar ganin waɗannan alamomi, don haka ya kyautu maigida ya riƙa tambayarta, kuma ya ɗauki maganarta da muhimmanci.

Shaye-shaye kuwa ya shiga gidaje da yawa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabata, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayu na wannan shekarar ne gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wiwi na iya tayar da rikicewar hankali, tiramol kuma na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Sau da yawa shaye-shayen da wata larurar tare suke tafiya, ɗaya na rura wutar ɗaya, shi ya sa wa'azi da faɗa su kaɗai ba su cika wadatarwa ba. Haka nan waɗanda suka tsira daga hannun masu garkuwa da mutane ko harin 'yan bindiga sukan yi fama da munanan mafarkai da firgita da saurin fushi tsawon watanni, kuma wannan ma yana da magani.

Wa zai yi magana, kuma yaya?

Kunya tana da ƙarfi a gidajenmu. Uwa ba ta sakewa da ɗanta na fari, suruki ba ya zama ya yi doguwar hira da surukarsa, saurayi kuma ba zai buɗe cikinsa a gaban mahaifinsa ba. Saboda haka ba dole ne mafi girma a gida ya fara maganar ba. A nemi wanda majinyacin ke sakewa da shi: kaka, ko gwaggo, ko kawu, ko taubashi, ko amini. Wasan da ke tsakanin jika da kaka ya sha buɗe bakin da tsawar uba ta rufe.

A zaɓi lokacin da babu idon jama'a, a fara da abin da aka gani ba da hukunci ba. Ƙanwa za ta iya cewa, "Yaya, na lura kwana biyu ba ka cin abinci, da dare ma ina jin motsinka. Me ke damunka?" Daga nan sai a yi shiru a saurara, ko da shirun ya yi tsawo. Kalaman da aka fi saurin furtawa, irin su "ka cika raki", ko "rashin tawakkali ne", ko "me ka rasa a gidan nan", ba sa ƙara wa mai ciwon damuwa komai sai jin cewa shi mai laifi ne, alhali jin laifin yana cikin alamomin ciwon. Haƙuri da tawakkali abin so ne, amma ba a ce wa mai karaya ya yi tawakkali ya miƙe ya yi gudu.

Idan majinyaci yana faɗin abin da ba shi da tushe, misali cewa maƙwabta na shirya masa makirci, gardama ba ta kawar da wannan tunani, sai ma ta sa ya sanya mai gardamar cikin maƙiyansa. Gaskata shi ma kuskure ne. Abin da ya fi shi ne a ce masa, "Ni ban ga haka ba, amma na ga kana cikin tsoro, kuma ba ka samun barci, mu je a duba maka batun barcin." Mutane da yawa da suka ƙi zuwa asibiti saboda kalmar hauka sun yarda sun je saboda rashin barci.

Batun kashe kai

Wannan magana ce mai nauyi a baki, amma wajibi ne a yi ta. Fiye da mutum 720,000 ke hallaka kansu a duniya kowace shekara, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Kasancewar addini ya haramta abin bai hana ciwo ya kai mumini ga tunaninsa ba. Abin da ya fi faruwa shi ne ya ji kunyar faɗa.

A kula da wanda ke cewa ya gaji da duniya, ko ya zame wa mutane kaya, ko gara ma ba ya nan. Da wanda ya fara rabar da kayansa yana neman gafarar mutane ba gaira ba dalili. Da wanda ya taɓa yin yunƙuri a baya, domin shi ya fi kowa shiga haɗari. A tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa ko tunanin kashe kansa na zuwa masa. Bincike ya tabbatar da cewa tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda ke da shi kuma yakan ji an sauke masa wani nauyi. Idan ya amsa da e, kada a yi masa tsawa ko wa'azin azaba a wannan lokaci, kada a yi masa alkawarin rufa asiri, kuma kada a bar shi shi kaɗai har sai ma'aikacin lafiya ya gan shi a ranar.

Sannan a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi. A yankunan noma irin namu maganin ƙwari da na feshi da na ɓera su ne kan gaba, sai tarin magungunan asibiti da makamai. A kulle su, ko a kai ajiya wani gida. Wani zai ce ai mai niyya ba ya rasa hanya, amma abin da aka gani a zahiri ya saɓa wa haka: yawancin lokaci matsin na ɗan lokaci ne, idan aka tsallake shi mutum yakan rayu. A ƙasar Siri Lanka, hana sayar da magungunan ƙwari mafiya guba ya taimaka wajen rage yawan kashe kai da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015. A nan gida ma, a shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben irin wannan guba a kasuwanni da kantuna.

Idan har an riga an sha guba, kada a tsaya ba da manja ko madara, kuma kada a sa mutum ya yi amai da gangan, domin abin na iya shiga huhu. A cire masa tufafin da gubar ta taɓa, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti mafi kusa tare da kwalbar, saboda ita za ta nuna wa likita irin maganin da zai bayar. Wasu iyalai kan yi jinkiri don tsoron hukuma, ganin cewa sashe na 231 na tsohon kundin Final Kod na Arewa ya sanya yunƙurin kashe kai cikin laifuffuka. A watan Oktoba na 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamitin aiki domin a cire shi daga jerin laifuffuka. Ko ma dai yaya, aikin likita shi ne ceton rai, kuma babu wani tsoro da ya kai a bar mutum ya mutu a ɗaka.

Sauran yanayin gaggawa

Bayan wannan, akwai yanayin da ba a jira gari ya waye: majinyaci ya ɗauki makami ko yana barazanar cutar da wani, ya daina ci da sha gaba ɗaya, ya sandare ba ya magana ba ya motsi, ko jijjiga ta wuce minti biyar ko ta riƙa maimaituwa bai farfaɗo ba. A nan ya kamata a tuna cewa farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, ba a tura cokali a bakin mai ita, kuma ba a kanga masa hayaƙi ko wuta.

Akwai wani abu da iyalai da yawa ba su sani ba, wanda kuma ke cin rayuka. Idan mutumin da yake lafiya ƙalau ya rikice cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu, bai san inda yake ba, bai gane mutane ba, musamman in akwai zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko ya bugu a ka, ko yana da ciwon sukari, ko tsoho ne, to a fi kyautata zaton ciwon jiki ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sanƙarau da taifot da faɗuwar sukari duk suna yin haka. Irin wannan majinyaci sashen gaggawa na babban asibiti za a kai shi nan take, ba asibitin ƙwaƙwalwa mai nisa ba, balle a tsaya ana turare.

Idan majinyaci ya harzuƙa, taron jama'a shi ne babban abin da ke ƙara tunzura shi. A janye yara da 'yan kallo, a hana masu ɗaukar hoto da waya, a ɗauke wuƙaƙe da taɓarya da duk abin duka. Mutum ɗaya ne zai riƙa magana, da murya ƙasa-ƙasa da gajerun kalmomi, yana kiran sa da sunan da ya saba ji. A tsaya nesa kaɗan, kada a tare masa ƙofa, shi ma mai maganar kada ya bari a rutsa shi a lungu. Idan akwai makami, ba jarumta ake nema ba: a fice a nemi taimako. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce a kowane layi, ko da yake saurin amsawa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Don haka ya kyautu a ajiye lambar ma'aikacin lafiya na unguwa da ta wani mai mota tun kafin buƙata ta taso. Idan aka kira 'yan sanda ko 'yan sintiri, a bayyana musu tun farko cewa marar lafiya ne za a kai asibiti, kuma wani babba daga gidan ya bi su. Ba a ɗaukar irin wannan majinyaci a kan babur. A sa shi a tsakiyar kujerar baya ta mota, mutum biyu da ya sani su sa shi a tsakiya.

Inda za a nufa

Tun shekarar 1991 manufar lafiya ta ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, kuma a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin horar da ma'aikatan da ba ƙwararrun fannin ba su iya gano larurorin da suka fi yawa, su fara magani, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. Gaskiya ita ce horon bai kai ko'ina ba, kuma ba kowace cibiya ke da magungunan ba. Duk da haka cibiyar lafiya ta mazaɓa ita ce ƙofar farko ga wanda al'amarinsa bai kai gaggawa ba, ko ba komai za a auna jini da sukari, a kuma ba da takardar turawa. Daga nan sai babban asibitin ƙaramar hukuma ko na shiyya, inda a wasu wuraren akan samu nas mai horon ƙwaƙwalwa.

Ga masu buƙatar ƙwararru, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa ma suna da sashen wannan fanni, kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jos da na Maiduguri. Dangane da shaye-shaye, hukumar NDLEA tana da sashen ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, kuma a shekarar 2022 ta buɗe layin waya na kyauta mai lamba 0800 1020 3040. Ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma da mai unguwa da dagaci kuwa su ake sanarwa game da majinyacin da ke gararamba ba a san danginsa ba.

Wanda zai raka majinyaci ya zama wanda ya san tarihin ciwon, ba wanda ya fi kowa ƙarfi kawai ba. Likita zai tambayi lokacin da abin ya fara, da yadda barci yake, da ko akwai shaye-shaye, da ko wani a dangi ya taɓa yin irinsa. A tafi da duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya, kuma kada a ɓoye komai don kunya. A shirya wa yiwuwar kwanciya, domin asibitoci da dama na buƙatar wani ɗan uwa ya zauna. Wanda ke cikin tsarin inshorar lafiya ya tafi da katinsa ya tambayi abin da tsarin ya ɗauke masa.

Addu'a, maganin gargajiya da batun mari

Mafi yawan iyalai sukan fara da malami ko fasto ko mai maganin gargajiya, domin abin da ke fara zuwa zuciya shi ne aljanu ko sammu. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti, kuma suna kwantar da hankalin majinyaci da na danginsa. Inda matsala take shi ne a shafe shekara ana zagaye, a sayar da gona da dabbobi, sai an ƙare tas sannan a zo asibiti, alhali an tabbatar cewa gwargwadon daɗewar rikicewar hankali ba magani, gwargwadon wahalar farfaɗowa. A ganin mai wannan rubutu, ma'aunin mai magani na ƙwarai a bayyane yake: ba ya duka, ba ya ɗaurewa, ba ya hana abinci, ba ya keɓewa da matar mutane, kuma ba ya cewa a ajiye maganin asibiti.

A watannin Satumba da Oktoba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga wasu gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu garuruwa, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, kuma akasarinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu da kyakkyawar niyya. Sarƙa ba ta warkar da komai. Miki take bari a ƙafa, da ƙiyayyar da kan daɗe bayan an warke. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916. Sabuwar dokar ta amince da haƙƙin majinyaci na samun magani cikin mutunci, da kariya daga azabtarwa da wariya, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da yardarsa ba.

Bayan an dawo gida

Nan ne aikin iyali yake da tsawo. Maganin ciwon damuwa ba ya nuna amfaninsa sai bayan mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kuma akan ci gaba da shi wata 9 zuwa 12 bayan an ji sauƙi. Na rikicewar hankali akan sha shi aƙalla shekara guda bayan alamomin sun ɓace, wasu kuma shekaru masu yawa, kamar dai mai hawan jini. Babban abin da ke dawo da ciwo shi ne a ga mutum ya warware a ce ai ya warke a ajiye magani. Tsofaffin magunguna irin su Largactil da Haldol sukan jawo sanƙarewar jiki da rawar hannu da dalalar yawu, wani lokaci wuya ya murɗe ko idanu su kafe sama. Wannan ba sabon ciwo ba ne, ba kuma aljanu ba ne. A koma asibiti a daidaita maganin. Artane da akan bayar don wannan matsala yana cikin ƙwayoyin da matasa ke sha don maye, saboda haka a riƙe shi a hannun babba. Wanda ke yawan mantuwa ko ƙin haɗiyar ƙwaya, a tambayi likita game da allurar da ake yi bayan mako biyu zuwa huɗu. Mace mai ciki ko mai niyyar ɗauka ta sanar da likita, haka nan kafin azumin Ramadan a nemi shawara a kan sauya lokutan shan magani.

Makonnin farko bayan sallama lokaci ne na haɗari, musamman ga wanda ya taɓa yunƙurin hallaka kansa, don haka kada a tsallake ranar komawa asibiti ta farko. Binciken da George Brown da abokan aikinsa suka yi a Ingila tun shekarun 1960 ya nuna cewa ciwo ya fi saurin dawowa a gidan da ake yawan gori da suka, haka kuma a gidan da ake lulluɓe majinyaci ba a barin sa ya taɓa komai. A bar shi ya koma masallaci ko coci, da gona ko shago, sannu a hankali, a riƙa cin abinci da shi, a riƙa neman shawararsa a harkokin gida. A daina kiran sa da sunan ciwonsa, a kuma hana yara. Aure ba magani ba ne, kuma aurar da mutum a ɓoye wa ɗaya ɓangaren larurarsa yakan ƙare da saki da dawowar ciwo. Mai wannan larura yana iya aure ya riƙe gida, amma bayan ya daidaita kuma an yi bayani.

Jinya irin wannan takan faɗa kan mutum ɗaya, galibi uwa ko mata, har ita ma ta rasa barci da lafiya. Ya kamata dangi su zauna su raba nauyin a fili: wane zai riƙa sayen magani, wane zai riƙa rakiya asibiti, wace za ta karɓi mai jinya ta samu ta je unguwa ta huta. A wannan zama ne kuma za a rubuta alamomin da suka fara bayyana a karon farko, domin yawanci su ne ke sake dawowa, kuma rashin barci kan riga sauran. A haɗa takardar da katin asibiti da sunayen magunguna da lambobin waya a wuri ɗaya da manyan gida suka sani, a kuma nemi ra'ayin majinyacin, lokacin da yake cikin natsuwarsa, game da wanda yake so a kira da asibitin da ya fi so a kai shi idan ciwon ya motsa.